Ranar da Kawu Bai Yi Gyara Ba

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma. Kawu ya riga mu tafiya a shekarar da korona ta sa aka rufe kasuwanni, ana tsakiyar cire albasa.

An ce an hana taro, amma wa zai hana mutanen Bodinga gaisuwar mutuwa? Sun zo daga Sifawa, sun zo daga Mandera, dangin Shagari kuwa mota biyu suka cika. Wasu sun rufe hanci da ƙyalle, wasu sun rataye shi a haɓa kamar gemu. Ranar uku ina soron ciki na kawo ruwan sha, sai wani mutumin Lambara ya yi sallama da babban ambulan ruwan ƙasa a hammata. Bai ji labari ba, hoton ƙirjin matarsa ya kawo a duba masa. Da aka gaya masa sai ya zauna a bakin tabarma, ya ɗora ambulan a cinya, ya yi addu'a ya shafa. Can ya ce, "To yanzu wa za shi duba muna?"

Maganar masu gaisuwa kusan ɗaya ce. Kowa mamaki yake yi, wai kwana biyar da suka wuce an ga Kawu zaune yana zolayar mutane. Yaya, babban ɗansa, shi ke karɓar gaisuwa a zaure, kuma duk wanda ya zauna sai ya maimaita masa: "Walle hotonai hwari tas, na gani da idona. Ajali na kawai." Mutane su gyaɗa kai su ce Allah mai iko. Ni kuwa duk lokacin da maganar ta tsallako katanga sai in sunkuyar da kai, domin na san abin da farin nan yake nufi, kuma ina cikin motar Yaya ranar da aka fara faɗarta. Na daɗe ina riƙe da wannan. Yanzu Yaya ya san gaskiya, ya yi kukansa ya gama, shi da kansa ya ce in rubuta kada jikoki su tashi ba su san wane ne kakansu ba.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Da ta rasu ina 'yar shekara biyar, shi ya ɗauko ni, matarsa ta raine ni, ita nake kira Inna har yau. Aikinsa ɗaukar hoton ƙirji a wani asibiti a Sakkwato, sama da shekara talatin yana cewa mutane, "Ja numfashi, riƙe, saki." Da ya ajiye aiki ya dawo gida ya kama noman albasa a fadama ta hanyar Shagari. Noman dai sai a hankali, maƙwabtansa na gona har yau suna dariyar kunyoyinsa. Amma aikin asibiti bai sake shi ba. Duk wanda aka yi wa hoto a birni, likita ya yi masa bayani cikin sauri bai gane ba, sai ya biyo ta gidanmu.

Ƙofar zaurenmu gabas take kallo. Da hantsi Kawu yake duba hoto, ya tsaya a bakin ƙofa ya ɗaga shi sama da hannu biyu, ya karkata kai. Kafin ya ce komai sai ya fara da, "Ni ba likita na ba." Bai taɓa rubuta wa kowa magani ba. Abu uku kawai yake faɗa: koma gida ka sha abin da aka ba ka, ko koma asibiti cikin makon nan, ko kuma tashi yanzu, kada ka tsaya cin abinci. Wanda ya ji na ukun ba ya gardama.

Akwai kuskure ɗaya da kusan kowa ke yi, shi kuma ba ya gajiya da gyara shi. Mu mutanen nan abu fari muka sani da alheri: farar riga, farin tuwo, farar aniya. To mutum ya ga hotonsa ya yi fari sai ya hau murna. Na tuna wani dillalin albasa na Mandera da ya shigo yana washe baki, yana cewa ƙirjinsa ya fito fes kamar an wanke da sabulu. Kawu ya dube shi ya ce, "Alhaji, zamna. Cikin sana'ar ga, baƙi iska ta, hwari ruwa na. Huhun da ad da lahiya baƙi shika hitowa, don iska ta cike shi. Wanga hwarin da kaka yi ma murna, nan na iska ta kasa shiga." Dillalin ya daina dariya, ya tafi birni a ranar, ya yi kwana tara a kwance, ya tashi. Duk kaka sai ya aiko mana da buhu. Wannan karatun na baƙi da fari na ji shi ya fi sau ɗari, ina zaune a bayan ƙofa da keken ɗinkina, domin ko bayan na yi aure a gidan Kawu nake ɗinki. Liman ma, Kawu ya gyara masa, malamin makaranta ya gyara masa, har wani ma'aikacin lafiya ya taɓa gyara wa a gaban jama'a, abin da ya sa mutumin bai ƙara gaishe shi ba.

Amma bai yarda da hoto shi kaɗai ba. Idan marar lafiyan ya zo da kansa, sai Kawu ya ce, "Karanta min Fatiha." Mutum ya zaci addu'a za a yi masa, alhali Kawu saurare yake ya ji sau nawa zai tsaya neman numfashi kafin ya kai amin. Yakan ce hoto rabin magana ne, sauran rabin yana bakin mai shi. Ya ga waɗanda suka warke suna noma amma hotonsu bai gama washewa ba, domin huhu yana jinkirin goge tabonsa. Ya kuma ga akasin haka. "Wanda nika tsoro," in ji shi, "shi na mai hwarin hoto da ka dariya. Jikinai bai gaya mai ba tukuna."

Faɗa ɗaya muka taɓa yi da shi mai tsanani, kuma ni ce da laifi, ko da yake a lokacin ban yarda ba. Mutane sukan bar masa tsofaffin hotunansu ya ajiye, yana jera su a akwatin ƙarfe, kowanne da sunan mai shi da ƙauyensa. Ni kuma tela ce, duk tela ya san babu abin da ya kai ledar hoton nan daɗin yanka zanen wuyan riga: ba ta lanƙwashewa, ba ta yagewa. Wata rana na zaro ɗaya daga ƙasan akwati, na ga ya tsufa, na sa almakashi. Bayan wata biyu mai hoton, wani tsoho daga Sifawa, ya dawo da sabo, Kawu ya buɗe akwati ya nemi tsohon bai gani ba. Ya same shi rataye a ƙusa kusa da kekena, na fitar da wuyan buba a tsakiyar haƙarƙarin bawan Allah.

Bai ɗaga murya ba, shi ya fi ciwo. Ya ce, "Ƙirjin mutum kinka yanka." Na ce ai tsoho ne, ga sabo an yi. Ya ce hoto ɗaya ba ya magana sai ya ga ɗan'uwansa. Tabon da ke cikin sabon nan, da tsohon yana nan da an san ko na tun da ne ko yanzu ya fito, ga shi dole tsohon Sifawa ya koma birni a yi ta bincike. Ni da bakina ba ya mutuwa na ce to a rubuta a jikin akwatin cewa kayan gado ne. Kwana shida bai amsa gaisuwata da fiye da "lahiya" ba. Ranar bakwai ya dawo daga kasuwa da kwalayen taliya guda goma ya ajiye a kan kekena, ya ce, "Ga ƙirjin da ba shi da mai shi." Daga nan ya fara kirana bakin ƙofa idan yana duba hoto, yana nuna min da yatsa: nan zuciya, nan haƙarƙari, nan gindin huhu inda ruwa ke fara taruwa.

Mutum ɗaya ne duk garin nan Kawu bai taɓa koya wa komai ba, shi ne Yaya. Ɗan fari ne, tun yaye aka kai shi wurin kakansa a Shagari, can ya girma, can yake sayar da hatsi. Kawu da Inna ba sa kiran sunansa, sai dai "wancan" ko "mutumen Shagari". Idan ya zo gaisuwa, ya durƙusa daga nesa, Kawu ya amsa yana kallon bango, shi ke nan. Kunya ce irin ta mutanen da, kuma ƙauna ce, kowa ya sani. Amma sakamakonta shi ne, karatun da dillalan albasa suka haddace, ɗan gidan bai taɓa jinsa ba.

Zazzaɓin ya kama su tare, shi da Inna, bayan wata jana'iza da Kawu ya je. Tari busasshe, ciwon jiki, abinci ba ɗanɗano. Inna ta kwanta rigis tana nishi, kowa ya ga marar lafiya. Kawu kuwa yana zaune a zaure, yana shan kunu, yana tsokanar masu wucewa. Na lura dai ya koma sallah a zaune, ya ce gwiwa ce. Ranar takwas Yaya ya zo da mota ya ce sai an je birni. Kawu ya ce a fara biyawa wani wurin ɗaukar hoto da ya sani, don kada a je asibiti hannu sake. Aka yi musu su biyu, aka miƙo ambulan biyu. Wurin babu likita, mai ɗaukar hoto ne kawai, kuma layi ya yi masa yawa.

Muna cikin mota a gefen titi, azahar ta gota. Yaya ya gama waya da wani abokinsa da ke aiki a asibitin da za mu, ya juyo ya ce gado ɗaya ya rage mai iskar oksijin, sai an zaɓa. Inna na kwance a kafaɗata ba ta san inda take ba. Kawu ya zaro hoton Inna ya ɗaga a gilashin mota. Na leƙa: fari-fari a gindin huhu ta gefe biyu, kamar an watsa gari, amma daga tsakiya zuwa sama baƙi ne sosai. Ya mayar. Ya zaro nasa. Ban taɓa ganin irinsa ba a duk shekarun da na yi a bakin ƙofar nan. Fari ne dama da hagu har kusan kafaɗa, zuciyar ma ba a rabe ta da huhu, ɗan baƙin da ya rage a sama bai fi tafin hannun jariri ba.

Yaya ya leƙo daga kujerar direba, fuskarsa ta washe. Ya ce, "Alhamdu lillahi! Na Baba hwari tas. Na tsohuwa na ad da baƙi. Ita za a kwantar."

Na buɗe baki. Kawu ya juyo ya dube ni, kallo ɗaya, ya miƙo min ambulan ɗinsa ya ce, "Ɗiyata, riƙe min wanga." Sannan ya ce wa gilashin gaba, domin ba ya kallon Yaya, "A kai ta." Mutumin da ya gyara wa liman, ya gyara wa malamin makaranta, ya ji an kira farin hoto lafiya a gabansa ya yi shiru. Ni ma na yi shiru. Aka kwantar da Inna, aka sa mata robar iska a hanci, ƙanwar Yaya da ke aure a birni ta zo ta zauna jinya. Kawu ko fitowa daga mota bai yi ba, ya ce rana ta yi zafi.

Da muka koma Bodinga bayan la'asar, Yaya ya wuce Shagari, na shiga ɗakin Kawu na rufe ƙofa. Ban taɓa yi masa tsawa ba sai ranar. Na ce ya mayar da ni makauniya ko me? Na ce shi ne mai farin hoto da ke dariya, shi da bakinsa ya ce irinsu yake tsoro. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, yana hutawa tsakanin kalmomi, "Kin ga nata, kin ga nau. Nata in an ba shi iska, shina da wurin da za ta shiga. Nau ina za ta shiga? Shekara talatin ina ɗaukar irin wanga. Na san inda masu shi ka zuwa." Na ce ai shi ya ce hoto rabin magana ne. Ya yi murmushi ya ce to yau rabin ya isa. Ya kuma ce idan na gaya wa mutumen Shagari, zan sa shi zaɓa tsakanin uwa da uba, kuma duk wanda ya zaɓa ba zai ƙara barci mai daɗi ba. "Bar shi da hwarinai," ya ce. Na bar shi. Wannan shirun na yini guda nawa ne, ba na ɗora wa kowa.

Washegari da hantsi na kai masa kunu na tarar leɓɓansa sun yi toka-toka. Na ajiye kwanon na ce, "Kawu, karanta min Fatiha." Ya harare ni, ya gane tarkon nasa ne. Ya fara. Bai kai ƙarshen aya ta biyu ba sai da ya tsaya sau uku. Ban ƙara neman izininsa ba, na kira Yaya na ce jiki ya rikice, ya zo yanzu.

Allah ya sa an sallami wani da safen, aka samu gado. Yaya ya tafi neman katin asibiti, ni na tsaya da ambulan. Likitar, wata mace mai ƙaramin jiki, ta maƙala wa Kawu ɗan abin awon iska a yatsa, ta duba, ta canja yatsa ta sake dubawa. Ta ɗaga hoton a fitila ta daɗe, sannan ta ce, "Da ƙafarsa ya shigo?" Na ce e. Na ce hoton na jiya ne. Ta ce ciwon huhu ne irin na ƙwayar cutar da ake fama da ita, wadda ba ta jin allurar kashe ƙwayoyi, abin da za a iya shi ne a ba shi iska a taimaki jiki ya yi yaƙinsa. Na tambaye ta kai tsaye, da jiya aka kawo shi fa? Ba ta yi min daɗin baki ba. Ta ce idan fari ya cinye huhu haka, ga shekaru, yawanci ba a tashi. Amma ta ga masu irin wannan hoton da suka koma gida, ta ga masu hoton da bai kai wannan ba da suka tafi. "Ban sani ba, Hajiya," ta ce. Har yau amsar da nake da ita ke nan.

Kwana uku ya yi. An so a yi masa babban hoto na na'urar da ake tura mutum ciki, amma ba ya jure a cire masa iska ko na minti biyu. Da aka turo ƙaramar na'ura har bakin gado, ma'aikacin ya ce masa ja numfashi ka riƙe, sai Kawu ya ɗaga yatsa ya nuna masa cewa farantin ɗaukar hoton da aka sa a bayansa ya karkace. Mutumin ya duba, ya gyara. Wannan ne gyaransa na ƙarshe. Ya cika ranar Alhamis da walaha, Inna na ɗakin mata a can ƙarshen baranda, ba ta sani ba sai da ta samu ƙarfin zama.

Inna ta yi kwana goma sha shida ta dawo gida ta shiga takaba. Bayan ta fita aka mayar da ita birni aka sake mata hoto, kamar yadda likita ta ce. Da hantsi ta aiko a kira ni daga gidan mijina. Na same ta tsaye a bakin ƙofar zaure, wurin da ban taɓa ganin ta tsaya ba, da ambulan a hannu. Ta ce, "Ɗauko min nashi tukuna." Na ce ban san inda yake ba. Ta ce, "Shina ƙarƙashin kekenki." Na je na ɗauko.

Ta ɗaga shi da hannu biyu, ta karkata kai yadda yake yi. Shekara da shekaru tana jin karatun nan ta bayan katanga, ba ta bukatar a fassara mata. Ta daɗe tana kallo.

"Wanga na wancan yac ce ma hwari tas?"

Na ce, "Shi ne, Inna."

"Gabanai?"

"A gabansa."

"Bai gyara mai ba?"

"Bai gyara ba."

Ta sauke hoton ta dube ni. "Ke hwa?"

Na ce, "Ni ma na yi shiru, Inna."

Na jira ta zage ni, wallahi da na fi samun sauƙi. Ba ta yi ba. Ta mayar da hoton cikin ambulan a hankali, ta shafe bakinsa da tafin hannu, ta miƙo min nata sabon. Ta ce, "To yau kada ki yi shiru. Duba ki gaya min gaskiya."

Na ce sai an kawo tsohon. Aka buɗe akwatin ƙarfe aka ɗauko, na ɗaga su biyu gefe da gefe a hasken ƙofa. Farin da ke gindin huhu ya janye, sai 'yan zare-zare da suka rage a gefen dama. Sauran duk ya koma yadda ake so.

Na ce, "Baƙi ne, Inna. Baƙi ƙirin, har ƙasa."

Ta ja numfashi mai tsawo, ta riƙe, ta saki. Sannan ta ce in rubuta sunanta a jiki in ajiye shi kusa da nasa.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata masa kabarinsa, ya sa ya huta. Mu kuma da muka rage muna shaƙar iska, Allah ya sa mu cika da kyau.